Kundin aiki: mayar da rumbun manhajar ƙamus daga Subversion zuwa Git

5 ga Fabrairu 2024

Manhajar ƙamus ɗin tana cikin Subversion, manhajar ajiye tarihin gyare-gyaren kod, tun farkonta. A rumbu guda aka zuba komai: kod ɗin Android, shafin intanet, jerin kalmomi, da sautin lafazin kowace kalma. Babban abin da ya sa za mu koma Git, wata manhajar mai irin wannan aikin, shi ne sabis ɗin intanet. A Subversion ba ka iya ajiye kwamit, wato gyaran da aka shigar a tarihi, sai kana haɗe da sabar, don haka ranar da intanet ya ƙi, aikin yini guda yana zaune ba shi da tarihi. A Git kuwa tarihin gaba ɗaya yana kan kwamfutarka, turawa ce kaɗai ke neman sabis.

Sharaɗi ɗaya muka kafa tun yau: duk gyaran da ke taɓa tarihi sai an gama shi kafin kowa ya kwafi sabon rumbun. Lambar kowane kwamit ana lissafa ta ne daga abin da ke cikinsa haɗe da lambar kwamit ɗin da ya gabace shi. Idan aka cire fayil ɗaya daga kwamit na goma, lambobin duk waɗanda suka biyo baya sai sun canja, kuma wanda ya riga ya kwafa zai ga tarihinsa da na sabar sun raba gari. Har a gama, ana ci gaba da aiki a Subversion yadda aka saba.

7 ga Fabrairu

Ba mu janyo tarihin ta intanet ba. `git svn`, umarnin da ke kwaso tarihin Subversion zuwa Git, yana bin gyare-gyaren ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya tambayi sabar, kuma akwai fiye da 3,000. An yi `svnadmin hotcopy` a kan sabar, aka ɗauko kwafin a faifai, aka tashe shi a kwamfutar Ubuntu da `svnserve -d -r`. A Ubuntu sai an saka kunshin `git-svn` daban, ba ya zuwa tare da Git.

Subversion sunan shiga kawai yake riƙewa, Git kuma yana son cikakken suna da imel. An fitar da sunayen daga `svn log -q`, aka rubuta fayil `marubuta.txt`, kowane layi: sunan shiga, alamar daidai, cikakken suna, sai imel. Umarnin:

`git svn clone --stdlayout --prefix=svn/ --authors-file=marubuta.txt svn://localhost/kamus`

Ya tsaya a tsakiya da saƙon `Author: ... not defined`, saboda wani tsohon suna da aka rubuta da babban baƙi a wasu gyare-gyaren. Ba a sake farawa daga tushe idan haka ta faru. A ƙara sunan a fayil, a shiga foldar, a ba da `git svn fetch`, zai ɗora daga inda ya tsaya.

Mun ƙi amfani da `--no-metadata`, duk da cewa mutane da yawa suna sa shi don saƙonnin kwamit su fita tsaf. Layin `git-svn-id` da ke ƙasan kowane saƙo shi ke ɗauke da tsohuwar lambar gyara, kuma tsofaffin rahotannin matsala cike suke da irin "an gyara a r1520". Da wannan layin, `git log --all --grep='@1520 '` zai kai ka kan kwamit ɗin ko bayan an sake rubuta tarihi.

9 ga Fabrairu

A Subversion, tag, wato alamar da ake sa wa wata siga, folda ce kamar kowace, shi ya sa `git svn` ya kawo su a matsayin rassa ƙarƙashin `refs/remotes/svn/tags/`. An mayar da kowanne tag na gaske, rassan da ke da rai aka mayar da su rassan gida, `trunk`, babban reshen Subversion, ya koma `main`. Waɗanda sunansu ya ƙare da `@` da lamba ragowar rassan da aka taɓa gogewa ne aka sake ƙirƙira. An duba, an zubar.

Abubuwa biyu ba su tsallako ba. Jerin fayilolin da Subversion ke ƙyalewa an fitar da shi da `git svn show-ignore` zuwa `.gitignore`. Foldojin da babu komai a ciki sun ɓace, domin Git fayil yake bi, bai san folda ba; an saka `.gitkeep` a guda biyun da shafin intanet ke buƙata.

13 ga Fabrairu

Yau aka shiga tiyatar tarihi. Kayan aikin `git filter-repo` ne, wanda takardun Git da kansu suke nuna shi a madadin tsohon `filter-branch`. Yana ƙin aiki sai a sabon kwafi, saboda haka aka yi `git clone --no-local` tukuna. `git filter-repo --analyze` ba ya canja komai, rahoto kawai yake rubutawa a `.git/filter-repo/analysis/`, kuma `path-all-sizes.txt` shi ne ya fi amfani: yana jera kowane fayil da jimillar nauyin duk sigoginsa, har da waɗanda aka goge tuntuni.

Kod ɗin kansa bai taka kara ya karya ba. Nauyin yana wuri uku: fayilolin APK (manhajar Android da aka haɗa) da aka riƙa sakawa bayan kowace fitarwa, foldar `build`, da sautuka. Akwai kuma zip guda na ɗanyen rikodin da ya haura MB 100. GitHub, inda sabon rumbun zai zauna, yana gargaɗi daga MB 50, yana ƙin duk fayil da ya wuce MB 100, kuma ba ruwansa da cewa an goge shi shekaru uku da suka wuce. Muddin yana cikin tarihi, turawar ba za ta shiga ba.

An cire APK da `build` da zip ɗin da `--invert-paths` tare da `--path` da `--path-glob`. APK ɗin tsofaffin fitarwa an ajiye su a faifai daban, ba a yar da su ba.

Rahoton ya kuma tono abin da ya fi nauyi hatsari: kalmar sirrin rumbun bayanai tana rubuce a `gradle.properties` a wasu tsofaffin gyare-gyare. An share ta da `--replace-text`. Amma sharewa daga tarihi ba ta mayar da sirri sirri, tunda tsohuwar sabar da kwamfutocin mutane suna da kwafi. An canja kalmar a wurin da ake amfani da ita yau ɗin nan, kafin ma a gama gogewar.

15 ga Fabrairu

Sautuka. Git yana matse rubutu sosai domin yana iya ajiye bambanci tsakanin siga da siga, amma fayil ɗin ogg a matse yake tun asali, sake rikodin kalma ɗaya kuwa sabon fayil ne cikakke. Duk wanda ya kwafi rumbun zai sauke kowace siga ta kowane sauti, ko da gyaran maɓalli ɗaya ya zo yi. An mayar da su Git LFS, wanda ke ajiye manyan fayiloli a waje da tarihin Git:

`git lfs migrate import --include="*.ogg,*.wav" --everything`

Shi ma wannan sake rubuta tarihi yake yi, shi ya sa ya shigo yanzu. Bayan ya gama, abin da ke zaune a wurin kowane sauti ɗan rubutu ne mai layi uku, kimanin bayit 130: siga, lambar sha256, da girma. Sai an ba da `git lfs checkout` sautin gaske yake dawowa cikin folda. A riƙe wannan, domin zai dawo: idan manhaja ta haɗu lafiya amma lafazi ya yi shiru, a buɗe ogg ɗaya da manhajar rubutu. In ka ga ya fara da `version https://git-lfs`, to ba a yi `git lfs install` a wannan kwamfutar ba.

19 ga Fabrairu

Sunayen fayiloli sun ci kwanaki, kuma nan ne aikinmu ya bambanta da na masu rubuta suna da baƙaƙen Turanci zalla.

Na farko ba matsala ba ce, kama da ita kawai ya yi. `git status` yana nuna `ƙasa.ogg` a matsayin `"\306\231asa.ogg"`, `ɗaki.ogg` kuma `"\311\227aki.ogg"`. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Git ne ke rubuta duk bayit da ya wuce ASCII da lambobi, kuma ƙ bayit biyu ce a UTF-8. `git config --global core.quotepath false` ya wadatar.

Na biyu na gaske ne. Akwai `Gaya.ogg` na sunan gari, akwai `gaya.ogg` na aikatau. Linux yana ganinsu fayil biyu, Windows da Mac a yadda suke zuwa suna ganin ɗaya. Da aka gwada kwafa a Windows, Git ya yi gargaɗin `the following paths have collided`, ya bar guda ɗaya, ɗayan kuma kullum yana fitowa a matsayin wanda aka gyara. Mai gaggawa zai yi `git add .` ya danne lafazin wata kalma da na wata ba tare da ya sani ba. Ana gano irinsu da `git ls-files | sort -f | uniq -di`.

Na uku daga Mac ya fito. Baƙaƙe masu ƙugiya ba su da matsala a nan, kowanne harafi ɗaya ne a Unicode. Wasula masu alamar karin sauti su ne ake iya rubutawa hanya biyu: à a dunƙule, ko a sannan alamar ta biyo ta daban. A ido ɗaya suke, a bayit daban. Wasu fayiloli da aka saka daga Mac tun zamanin Subversion sun shiga da siga ta biyu, jerin kalmomi kuma yana nemansu da ta farko. Ga kuma ’y da ake rubutawa a Najeriya da ƴ ta Nijar, da alamar ɗauri da ke rikita umarnin shell idan ba a killace sunan ba.

Maimakon bin su ɗaya-ɗaya, an yanke hukunci: sunan fayil ɗin sauti ya zama lambar kalmar a ƙamus, kamar `004217.ogg`, alaƙar lamba da kalma kuma ta zauna a cikin jerin kalmomi. Wasu sun so a bar sunayen saboda sauƙin nema da ido, kuma hujjarsu ba banza ba ce. Sai dai kalmomi masu rubutu iri ɗaya da karin sauti daban sun yi yawa a Hausa, dole wata rana a sake karo. Canjin sunan bai ƙara nauyi a LFS ba, domin da abin da ke cikin fayil yake gane shi.

22 ga Fabrairu

`git ls-files --eol` ya nuna alamar ƙarshen layi a cakuɗe take a rumbun, LF na Linux da CRLF na Windows: wasu `i/lf`, wasu `i/crlf`, kaɗan `i/mixed`. Waɗanda aka sa wa `svn:eol-style` sun zo da LF, sauran sun zo yadda mai su ya ajiye. Ba mu dogara da `core.autocrlf` ba, domin saiti ne na kowace kwamfuta, kuma mutum ɗaya ya manta ya isa ya ɓata. An rubuta dokar a `.gitattributes`, inda take bin rumbun duk inda ya je: `* text=auto`, sai `*.sh` da `gradlew` da `text eol=lf`, `*.bat` da `text eol=crlf`. Layukan LFS suna ƙasa da waɗannan, domin layin da ya zo daga baya shi ke rinjaye. Daga nan `git add --renormalize .` da kwamit guda wanda ba a haɗa shi da wani gyara ba. An saka lambarsa a `.git-blame-ignore-revs` don kada `git blame` ya jingina wa mutum ɗaya duk layukan aikin.

Idan `gradlew` ya ce `bad interpreter` tare da `^M`, CRLF ne ya shige shi.

Jerin kalmomi kuma Git ya ce `Binary files differ`. Daga Excel aka ajiye shi a UTF-16, wanda ke cike da bayit na sifili, kuma Git da ya ga sifili sai ya ɗauka ba rubutu ba ne. `iconv -f UTF-16 -t UTF-8` ya mayar da shi. An kuma raba shi fayil-fayil bisa harafin farko, domin masu gyaran ƙamus su daina haɗuwa a fayil guda. Don duba gyaran ma’ana, `git diff --word-diff` ya fi dacewa, yana nuna kalmar da ta canja a cikin dogon layi.

26 ga Fabrairu

An rufe rubutu a Subversion da yamma, an janyo ragowar gyare-gyaren da `git svn fetch` a kwafin asali, sannan aka maimaita matakan 9 zuwa 22 ga wata daga fayil ɗin umarni da aka tara su a ciki. An kwatanta `svn export` na `trunk` da `main`. Bambancin da ya fito shi ne wanda muka yi da gangan.

Turawar farko ba a yi ta a dunƙule ba. Idan sabis ya yanke a tsakiyar `git push`, daga farko ake komawa. An ɗauki kowane kwamit na 500 da `git rev-list --reverse --first-parent main`, aka riƙa tura su bi da bi da `git push origin <lamba>:refs/heads/main`, daga ƙarshe sauran rassa da `--tags`, sai `git lfs push --all origin`.

28 ga Fabrairu

An buɗe wa kowa. Daga yau babu sake rubuta tarihin `main`, kuma an kulle reshen a GitHub: ba turawar dole, ba shiga sai an duba.

GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa tun 13 ga Agusta 2021. Kowa ya yi `ssh-keygen -t ed25519`, ya saka rabin makullin na fili, mai `.pub`, a asusunsa. Inda wayifai ya toshe tashar 22, `ssh -T git@github.com` sai ya yi ta jira har ya gaji. Maganinsa a `~/.ssh/config`: `Host github.com`, `Hostname ssh.github.com`, `Port 443`, `User git`.

4 ga Maris

`git clone` ba ya ɗorawa daga inda ya yanke. Masu aiki da datar waya sun riƙa samun `RPC failed; curl 18`, `early EOF`, `index-pack failed`, datar ta tafi, foldar kuma ta goge kanta. Shawarar da ta cika intanet ta ƙara `http.postBuffer` ba ta da amfani a nan, turawa ta shafa, ba saukewa ba.

Abin da ya yi aiki ga na nesa: a kashe saukar sauti da `GIT_LFS_SKIP_SMUDGE=1`, a yi `git clone --depth 1`, sannan a riƙa ƙaro tarihi da `git fetch --deepen=300` har a ƙarasa da `--unshallow`. Duk zangon da ya shiga ya shiga ke nan. A lura `--depth` reshe ɗaya yake kawowa. `git remote set-branches origin '*'` ne ke buɗe sauran.

Ga na kusa, filash ya fi: `git bundle create kamus.bundle --all`, a tabbatar da `git bundle verify`, a yi `git clone kamus.bundle`, sannan `git remote set-url origin` zuwa adireshin GitHub. Bundle ba ya ɗauke da kayan LFS. Sai an kwafi `.git/lfs/objects` daban an zuba a sabon kwafin, a bi da `git lfs checkout`. Kada a kwafi foldar rumbun kanta a yi aiki daga filash: tun sigar 2.35.2 Git yana duba mai folda, kuma FAT32 da exFAT ba sa rubuta mai fayil, sai ya tsaya da `dubious ownership`. Ana iya ba shi izini da `safe.directory`, amma ga folda takamaimai, ba `*` ba.

11 ga Maris

Sabo da Subversion bai saki mutane ba tukuna. `git commit` bai kai aiki sabar ba sai an tura. `svn revert` zubar da gyaran da ba a ajiye ba ne, takwaransa `git restore`. `git revert` kuwa sabon kwamit yake yi mai warware wani tsoho. An sa `pull.rebase true` a kowace kwamfuta don tarihin kada ya cika da kwamit ɗin haɗewa marasa ma’ana.

19 ga Maris

An ɗauke wuta a tsakiyar kwamit a wata kwamfutar tebur mai Linux da ba ta da UPS. Da ta tashi: `object file .git/objects/... is empty`, sai `fatal: bad object HEAD`. Sunan fayil ya riga ya shiga faifai, abin cikinsa bai kai ba.

Matakan da aka bi, a jere. A kwafe `.git` gefe da `cp -a` kafin a taɓa komai. A goge fayilolin wofi da `find .git/objects -type f -empty -delete`. A duba `git fsck --full`. Reshen yana nuna kwamit da babu shi, don haka a buɗe `.git/logs/refs/heads/` a ga layukan ƙarshe, a ɗauki lambar da ta gabaci wadda ta lalace, a ba da `git update-ref HEAD <lamba>`. A goge `.git/index`, a yi `git reset` ba tare da `--hard` ba. Wannan gaɓar ita ce mai muhimmanci: fayilolin aiki suna nan da gyaransu, `--hard` kuwa zai shafe su. Daga nan `git fetch`, a sake kwamit ɗin. Ba a rasa layi ko ɗaya ba.

Tun sigar Git 2.36 akwai `core.fsync`, kuma a yawancin na’urori saitinsa na asali ba ya tilasta rubuta sababbin abubuwan kwamit zuwa faifai nan take, don sauri. A inda wuta ba ta da tabbas wannan saurin bai kai hatsarinsa ba. An sa `git config --global core.fsync all` a duk kwamfutocin tebur.

2 ga Afrilu

Kwamit uku sun ɓace daga wani reshe da mutum biyu ke aiki a kai, bayan `rebase` da `push --force`. An same su a `git reflog` na kwamfutar mai su, wato jerin duk kwamit ɗin da ya taɓa tsayawa a kai, aka kafa musu reshe da `git branch ceto <lamba>`, aka dawo da su da `cherry-pick`. Reflog na kowace kwamfuta ne, ba ya zuwa sabar, kuma kwamit da babu reshen da ke riƙe da shi kwana 30 yake yi a ciki bisa saitin asali.

An hana `--force` tsura. `--force-with-lease` yana ƙin turawa idan reshen sabar ya motsa tun janyowarka ta ƙarshe, amma yana da rauni: idan manhajar rubuta kod tana janyowa da kanta a ɓoye, Git zai ɗauka ka ga sabon aikin alhali ba ka gani ba. A haɗa shi da `--force-if-includes`, wanda ya shigo a 2.30.

10 ga Afrilu

Rahoto ya zo cewa neman "kasa" ya daina fito da "ƙasa", kuma masu allon rubutu marar ƙugiya da wannan suke dogara. Fitarwar da ta gabata lafiya take, tsakaninta da `main` kwamit kusan 180. An rubuta ɗan gwaji mai fita da 0 idan an samu kalmar, 1 idan ba a samu ba, 125 idan kod ɗin ya ƙi haɗuwa don Git ya tsallake. Don gano kwamit ɗin da ya kawo matsalar: `git bisect start`, a nuna kwamit marar kyau da mai kyau, sai `git bisect run`. Yana raba tazarar biyu kowane zagaye, don haka taki 7 zuwa 8 ya isa. A kunna `GIT_LFS_SKIP_SMUDGE=1` tukuna, in ba haka ba kowane tsalle sai ya nemi sauke tsofaffin sautuka.

Ya tsaya a kan kwamit da ya sauya teburin daidaita baƙaƙe da wata hanyar Unicode ta cire alamomi daga wasula. Wannan hanyar tana mayar da à zuwa a, amma ba ta taɓa ƙ, ɗ da ɓ, tunda ba sa rabuwa gida biyu. An dawo da teburin, an saka gwajin cikin waɗanda ake gudanarwa kafin haɗewa.

15 ga Afrilu

Tsohuwar sabar Subversion tana nan a karatu kawai, ga mutum biyu, saboda tsofaffin sirrikan da ke cikinta. Za a kashe ta bayan fitarwa ta gaba, a ajiye `svnadmin dump` a faifai biyu. Masu gyaran ƙamus har yanzu suna aiko da fayil ɗin Excel a saka musu, kuma sau da yawa yana dawowa a UTF-16. Ana rubuta ɗan bincike na `pre-commit` da zai ƙi duk fayil ɗin kalmomi da ba UTF-8 ba, da duk sauti da sunansa ba lamba ba ne. Git ba ya kwafo foldar `.git/hooks` tare da rumbu, don haka za a ajiye shi a `.githooks`, kowa ya nuna ta da `core.hooksPath`, a kuma maimaita binciken a sabar don wanda bai saita ba. Ɗanyen wav ɗin yana cinye wurin LFS da sauri, kuma manhajar ogg kaɗai take amfani da shi. A zaman mako mai zuwa za a yanke ko a fitar da wav zuwa ma’ajiya daban daga yanzu, ba tare da an taɓa tarihin da ya wuce ba.